Jinin dasashi: aswaki, buroshi, ruwan kurkura ko wankin asibiti?

Dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini don an goge shi da buroshi ko aswaki. Idan mutum ya tofar da kumfar makilin ya ga ja a ciki, ko ya gatsi rake ya bar jini a jikinsa, to akwai kumburi a bakin dasashin, ko da babu zafi ko kaɗan. Rashin zafin nan ne yake sa mutane su yi shekaru suna gani suna kau da kai. Wanda abin ya dame shi kuma yakan sha shawara kala-kala: wannan ya ce a koma aswaki, wancan ya ce ruwan gishiri, mai kemis ya ɗauko kafso, wani ya ce sai an je wankin haƙori, wani kuma ya ce kul, wankin nan shi ke sa haƙora rawa. Kowanne a cikinsu yana da aikin da yake iya yi da wanda ba zai taɓa iyawa ba, kuma zaɓin ya rataya ne ga sanin inda ciwon ya kai.

Ciwo biyu ne masu kama da juna

A inda dasashi ya haɗu da haƙori akwai ɗan siririn kwari da ya zagaye haƙorin. Ga mai lafiya zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. A nan ne wata farar dauɗa mai yauƙi take taruwa, wadda idan ka kankari gindin haƙori da farce da safe za ka gan ta. Mutane da yawa suna ɗaukar ta ragowar abinci ce, alhali mafi yawanta ƙwayoyin cuta ne da suka manne wa juna suka yi shimfiɗa a jikin haƙori. Tana fara dawowa cikin 'yan sa'o'i bayan an goge baki. Idan aka bar ta, jiki yakan turo jini da sojojinsa wurin, jijiyoyin jini su buɗe, dasashin ya yi ja, ya kumbura, ya yi sheƙi, da an ɗan taɓa shi sai jini.

An tabbatar da wannan tun 1965 a ƙasar Denmak, inda Harald Löe da abokan aikinsa suka sa wasu masu lafiyayyen baki suka daina goge haƙora gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dukkansu dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya warke, ba tare da wani magani ba. Wannan shi ne mataki na farko: kumburin ya tsaya a naman dasashi, ƙashin da ke riƙe da haƙori bai taɓu ba, kuma ana warkewa sarai.

Dauɗar da ta daɗe ba a cire ba tana shan sinadaran da ke cikin yawu ta daskare, ta zama kamar dutse, launin ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, wani lokaci baƙa idan tana ƙarƙashin dasashi. Ta fi taruwa a bayan haƙoran gaba na ƙasa, wajen harshe, da kuma gefen turamen sama ta wajen kunci, domin nan ne hanyoyin yawu suke buɗewa. Da zarar ta daskare, babu buroshi, aswaki ko ruwan kurkurar da zai cire ta. Fuskarta kaushi gare ta, sabuwar dauɗa na samun wurin kamawa, don haka kumburin ba ya lafawa.

Ga wasu mutanen, ba kowa ba, kumburin yakan gangara ƙasa. Zaruruwan da suka ɗaure saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi su fara tsinkewa, ƙashin ya fara zaizayewa, ɗan kwarin nan ya zama aljihu mai zurfin milimita 4 ko fiye. Wannan ne mataki na biyu. Bisa rabe-raben da likitocin dasashi na Amurka da Turai suka amince da shi a taronsu na 2017, farkon wannan mataki shi ne lokacin da abin da ya saki na zaruruwan nan bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, aljihun bai wuce milimita 4 ba, ƙashin da ya tafi kuma bai kai kashi 15 cikin 100 na tsawon saiwar ba. Ana iya tsayar da ciwon a nan, haƙoran su zauna har tsufa, amma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da magani na yau da kullum. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya, sama da mutum biliyan ɗaya, suna da nau'in ciwon mai tsanani.

Matsalar ita ce madubi ba ya bambance kumburi zalla da farkon zaizayar ƙashi. Duka biyun ja ne da jini da warin baki. Alamomin da mutum zai gani da kansa, irin su haƙori ya ƙara tsawo, sabon giɓi ya buɗe tsakanin haƙoran da a da suke a haɗe, wushirya ta ƙara faɗi, mugunya ta fito idan an danna dasashi, ko haƙori ya fara motsi, duk suna zuwa ne bayan an yi nisa. Abin da ke gano farkon shi ne wani siririn ƙarfe mai alamun milimita da likitan haƙori yake zurawa a hankali a kewayen kowane haƙori, sai kuma hoto idan ya ga akwai buƙata.

Aswaki da buroshi

Wannan ce gardamar da aka fi yi, kuma duka ɓangarorin suna da gaskiya a wani wuri. Abin da ke warkar da kumburi shi ne a kankare dauɗar daga bakin dasashi kowace rana. Ko da me aka kankare ta, idan ta fita, dasashi zai warke. Tambayar ita ce wanne ne yake isa ko'ina.

Aswaki, ko na icen arak da alhazai suke kawowa ko na darbejiya da marke da ake samu a gida, yana goge fuskar haƙoran gaba da kyau ƙwarai. Binciken da aka yi ana gwada shi da buroshi ya nuna cewa a hannun wanda ya iya, yana rage dauɗa da kumburi kusan daidai da buroshi a wuraren da yake kaiwa. Icen arak yana da sinadaran da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, tauna shi tana kawo yawu, ba ya buƙatar ruwa ko makilin, ga araha. Babban ƙarfinsa kuma shi ne yawan amfani: wanda ya riƙe sunnar yin aswaki a kowace alwala yana taɓa haƙoransa sau biyar a rana, abin da mai buroshi ba ya yi.

Rauninsa yana cikin siffarsa. Gashin aswaki yana miƙe ne a kan tsayin sandar, shi kuwa buroshi gashinsa a gicciye yake da mariƙinsa. Saboda haka aswaki yana wahalar juyawa ya shiga bayan haƙora ta wajen harshe da ganɗa, da kuma turamen can ƙurya, kuma nan ne ciwon dasashi ya fi farawa. Sau da yawa za ka ga mai aswaki haƙoransa shida na gaba fari tas, bayansu kuwa dutse ya yi layi. Na biyu, yadda ake yawan yin sa, a riƙe shi a baki ana tafiya ana dirza gaba da baya na tsawon lokaci, yana ture dasashi ya ja baya, wuyan haƙori ya fito fili ya riƙa zugi da ruwan sanyi. Na uku, ba ya ba da fuloraid, sinadarin da ake sa wa makilin don ƙarfafa haƙori, da zai isa kare haƙori daga rami.

Wanda zai dogara da aswaki sai ya zaɓi ɗanye mai kaurin fensir, tsawonsa kamar santimita 15. A feƙe ɓawon kamar santimita ɗaya a baki, a tauna har gashin ya yi laushi sosai. Idan ya bushe a jiƙa shi a ruwa mai tsabta kafin a yi amfani da shi, domin busasshen aswaki yana yanka dasashi. A ɗora gashin a bakin dasashi a sharo zuwa kan haƙori, na sama a yi ƙasa, na ƙasa a yi sama, haƙori bayan haƙori, a lanƙwasa hannu a shiga ciki da gangan. A yanke gashin da aka yi aiki da shi a buɗe sabo kullum, a ajiye shi inda iska ke shiga, ba cikin aljihu a rufe da leda ba.

Buroshi kuma nasa laifin yawanci daga saye yake farawa. Mutane sun fi son mai tauri, suna ganin shi ne yake fitar da datti. Dauɗar da ake nema tana da laushi, gashi mai laushi ne yake lanƙwasawa ya shiga kwarin dasashi, mai tauri kuwa yana tsallake kwarin ya kankare dasashi da wuyan haƙori. A sayi mai laushi mai ƙaramin kai. A karkata gashin rabin kusurwa, wato digiri 45, yana kallon dasashi, rabi a kan haƙori rabi a kan nama. A riƙa ɗan karkaɗa shi a wuri guda a kan haƙora biyu ko uku, sannan a share zuwa kan haƙori, a matsa gaba. Don bayan haƙoran gaba a tsayar da buroshin a tsaye. Minti biyu cikakku, sau biyu a rana, kuma na dare kafin barci ya fi muhimmanci domin yawu yana raguwa cikin barci. A fara daga ciki ta wajen harshe tun hannu bai gaji ba. Makilin ya kasance mai fuloraid 1,000 zuwa 1,500 ppm, wato ma'aunin yawansa, an rubuta a jikin kwalin. Bayan an gama a tofar kawai, kada a bi da ruwa a wanke fuloraid ɗin. Idan gashin buroshi ya baje kafin wata uku, hannun ya yi nauyi, idan kuma ya kai wata uku a canza shi.

Buroshi mai aiki da batir ko caji ya ɗan fi na hannu. Nazarin 2014 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya samu ragin dauɗa kashi 21 cikin 100 da ragin kumburi kashi 11 cikin 100 bayan wata uku. Amfani ne na gaske, musamman ga tsofaffi da masu ciwon gaɓoɓin hannu, amma bai kai a ce wanda ba shi da kuɗinsa ya rasa wani abu babba ba.

Ga mai jinin dasashi, a ganina haɗa su ne ya fi: buroshi mai laushi da makilin safe da dare, aswaki da rana lokutan alwala da hannu mara nauyi. Idan dole sai ɗaya, buroshi, saboda bayan haƙora. Gawayi, toka da gishiri da ake dirzawa da yatsa kuwa ba sa cikin lissafi: suna cire tabon goro da shayi, amma suna cinye fatar haƙori suna ƙuje dasashin da dama a kumbure yake.

Kuskure mafi yawa shi ne mutum ya ga jini a wani gefe sai ya daina taɓa wurin don kada ya ƙara masa rauni. Dauɗar sai ta ƙaru, jinin ya ƙaru. Inda yake jini nan ne ya fi buƙatar gogewa, a hankali amma kullum.

Tsakanin haƙora

Buroshi da aswaki duka ba sa shiga tsakanin haƙori da haƙori, kuma a nan ne aljihu ya fi fara buɗewa. Abubuwa uku ake da su. Zaren sakace ya dace da haƙoran da suke a matse: a yanko kamar santimita 45, a naɗe a yatsun tsakiya, a zura a hankali ana ɗan ja gaba da baya, a rungumo gefen haƙori da shi, a gangara har ya ɗan shige ƙarƙashin dasashi, a goga sama da ƙasa, sannan a rungumo haƙorin da ke maƙwabtaka da shi. Wanda ya buga zaren da ƙarfi ya faɗa kan nama zai yanke kansa, wanda kuma ya zura ya zare kawai bai cire komai ba sai ragowar nama.

Ƙaramin buroshin tsakanin haƙora, mai kama da ɗan mitsitsin abin wanke kwalba, ya fi zare aiki a duk inda akwai sararin da zai shiga, kuma shi ne zaɓi na farko ga wanda ƙashinsa ya fara zaizayewa. Yana da girma daban-daban, wanda ya dace shi ne wanda ya shiga da ɗan matsi ba tare da an tura da ƙarfi ba. Baki ɗaya kan buƙaci girma biyu ko uku. Ba kowane kanti ke da shi ba, an fi samunsa a manyan shagunan magani da asibitocin haƙori.

Tsinken sakace yana fitar da tsokar da ta maƙale bayan cin tsire, amma ba ya goge gefen haƙori. Tsinken tsintsiya, ashana da allura suna huda dasashi, kuma yawan soka su a wuri guda yana danne ɗan naman da ya cike tsakanin haƙora har ya bar rami na dindindin. Tsabtace tsakanin haƙora da zare ko ƙaramin buroshi sau ɗaya a rana ya isa, da dare kafin buroshi. Kwanakin farko jini zai fito, yakan ragu sosai cikin mako guda zuwa biyu.

Ruwan gishiri, bagaruwa da ruwan kurkura na kemis

Ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kurkure na rabin minti sau biyu ko uku a rana, yana sanyaya dasashi mai raɗaɗi kuma ba shi da illa idan ba a haɗiye ba. Ba ya ɓamɓare dauɗa. Ruwan bagaruwa da iyaye suka saba jiƙawa yana da ɗaci mai tsuke nama, shi ya sa jinin yakan ɗauke na ɗan lokaci. Wannan tsukewar ce takan yaudari mutum ya ga kamar ya warke, alhali abin da ya kawo jinin yana nan daram a gindin haƙori. Man kanumfari, asfirin da ake ɗorawa a kan dasashi, da kanwa mai kauri suna ƙona naman baki, a bar su.

Ruwan kurkurar da yake da ƙarfi a kan ƙwayoyin cutar da gaske shi ne kuloheksidin, wanda ake samu da suna irin su Corsodyl. Yana manne wa haƙori da naman baki ya ci gaba da aiki na sa'o'i. Idan mai ƙarfin 0.2% ne, mililita 10 na minti ɗaya sau biyu a rana. Idan 0.12% ne, mililita 15 na rabin minti. Ba a haɗiyewa, ba a bin sa da ruwa, kuma a bar aƙalla minti 30 tsakaninsa da makilin domin sinadarin kumfa na makilin yana kashe ƙarfinsa. Mai azumi zai iya yi bayan sahur kafin alfijir da kuma kafin barci. Illolinsa sanannu ne: yana rina haƙora da harshe launin ƙasa, musamman ga masu shan shayi da cin goro, yana dusashe ɗanɗano, yana kuma ƙara saurin daskarewar dauɗa. Saboda haka magani ne na mako ɗaya zuwa biyu, lokacin da dasashi ya yi ciwon da ba a iya gogewa sosai ko bayan aikin likita. Ba ya ratsa tsohuwar dauɗa mai kauri, ba ya kaiwa ƙasan aljihu. Sauran ruwan kurkura na yau da kullum, irin su Listerine, suna ɗan ƙara rage kumburi ga wanda dama yake gogewa da kyau, ga wanda ba ya gogewa kuwa ƙamshi kawai suke ba shi.

Kafson kemis ko kujerar likita

Amoxil, Ampiclox da Flagyl su ne aka fi miƙa wa mai ciwon dasashi a kemis. Ga kumburin dasashi na yau da kullum ba su da wuri ko kaɗan. Ƙwayoyin cutar da suka yi shimfiɗa a jikin haƙori suna jure maganin da ke zuwa ta jini ninkin-ba-ninkin fiye da waɗanda ke yawo a sake. Jini da wari za su ragu na 'yan kwanaki, su dawo, mutum ya sake saye, a ƙarshe ya tara wa jikinsa ƙwayoyin da ba sa jin magani. Likita yakan rubuta su ne a yanayi ƙalilan: ƙurji mai zazzaɓi ko kumburin fuska, dasashi mai ruɓewa, ko ciwo mai saurin cin ƙashi ga matashi, kuma ko a nan tare da wanki ake ba da su.

Wankin haƙori shi ne kaɗai yake cire daskararriyar dauɗa. Ana yin sa da wata na'ura mai siririn baki da ke karkarwa da sauri tana fesa ruwa, dutsen ya farfashe ya faɗo, sannan a bi da ƙananan ƙarafan hannu, a ƙarshe a goge da wani ƙullu don fuskar haƙori ta yi santsi. Ga mai kumburi zalla zama ɗaya ne, tsakanin rabin sa'a zuwa sa'a guda, yawanci ba a buƙatar allurar kashe zafi. Ga wanda aka samu aljihu na milimita 4 ko fiye, wankin yakan gangara ƙarƙashin dasashi a kankare jikin saiwar, sau da yawa da allura, kuma a raba bakin gida biyu ko huɗu. Bayan mako shida zuwa wata uku a sake aunawa a ga aljihun da ya rufe da wanda bai rufe ba. Daga nan sai zuwa duba akai-akai, ga mafi yawansu duk wata uku zuwa shida, domin wannan ciwo ana riƙe shi ne, yana iya tashi idan aka saki.

Tsoron da ake yi cewa wanki yana sa haƙori rawa ko ya buɗe giɓi yana da tushe a abin da mutane suka gani da idonsu, amma an ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Haƙorin da ƙashinsa ya zaizaye kamar dirka ce da ruwa ya cinye ƙasar gindinta, tarkacen da ya taru a wurin ne yake tokare ta. Dutsen ya cike giɓin, ya haɗe haƙoran, kumburarren nama kuma ya rufe sauran. Da aka cire dutsen, kumburi ya sace, sai ɓarnar da ta daɗe a ɓoye ta bayyana. Barin dutsen ba ya ceton haƙorin, ƙara cin ƙashin yake yi har ranar da haƙorin zai fita da kansa. Haƙoran da suke ɗan motsi sau da yawa sukan ƙara ƙarfi cikin makonni bayan wanki. Abin da yake gaskiya shi ne za a iya jin zugi da ruwan sanyi na kwanaki ko 'yan makonni, makilin irin su Sensodyne yana taimakawa, kuma na'urar ba ta kankare fatar haƙori idan ƙwararre ne ya riƙe ta. Shi ya sa wurin da za a je yake da muhimmanci: sashen haƙori na babban asibiti, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, ko asibitin kuɗi mai likita mai rajista. Masu wankin haƙori a kasuwa da ruwa mai yaji suna farar da haƙori ne ta hanyar narkar da fatarsa, ƙarafan da ba a dafa ba kuma suna iya ɗaukar ciwon hanta daga baki zuwa baki.

Yadda za a yanke shawara

Matashi ko babba mai lafiya, wanda ba ya shan taba, yana ganin jini lokacin gogewa kawai, kuma idan ya duba bayan haƙoransa na ƙasa da madubi da fitilar waya bai ga dutse ba, zai iya fara wa kansa gwajin mako biyu: buroshi mai laushi sau biyu a rana yadda aka bayyana, tsabtace tsakanin haƙora kowane dare, ruwan gishiri idan akwai raɗaɗi. Kada ya haɗa da kuloheksidin ko bagaruwa a wannan lokacin, domin za su ɓoye sakamakon. Idan jinin ya ɗauke, kumburi ne zalla, sai ya ɗore a haka, ya je a duba shi sau ɗaya a shekara. Idan bayan mako biyu har yanzu akwai wuraren da ke jini, to akwai dutse ko aljihu a wurin, ko wani cikon haƙori mai kaifin baki da ke tara dauɗa, sai likita.

Wanda ya riga ya ga dutse, ko dasashinsa ya ja baya, ko warin baki ya ƙi tafiya, ko iyayensa sun zubar da haƙora tun ba su tsufa ba, kada ya tsaya gwaji. Ya je, kuma ya nemi a auna masa dasashi kafin a wanke, a faɗa masa zurfi mafi girma da aka samu da kuma haƙoran da abin ya shafa. Wanki na sama-sama a kan aljihu mai zurfi yana sa baki ya yi kyau a ido, ciwon yana ci a ƙasa.

Akwai waɗanda lissafinsu daban ne. Mai shan sigari dasashinsa ba ya yawan jini domin taba tana tsuke jijiyoyi, don haka rashin jini ba shaidar lafiya ba ce a wurinsa. Ciwon ya fi saurin cin ƙashinsa, wanki kuma bai cika yi masa aiki kamar wanda ba ya sha ba. Idan ya daina zai iya ganin jini ya ƙaru na ɗan lokaci, wannan alama ce ta jini ya dawo gudana yadda ya kamata. Mai ciwon suga abin ta fuska biyu yake cinsa: suga mai hawa yana tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saukar suga. Nazarin Cochrane na 2022 ya nuna cewa maganin dasashi yana rage sakamakon gwajin matsakaicin suga na wata uku da kusan maki 0.4, ragin da likitocin suga suke ɗauka da muhimmanci. Babba da dasashinsa ke yawan yin ƙurji ya kamata ya gwada suga ko da bai taɓa sanin yana da shi ba.

Mai juna biyu dasashinta yakan ƙara kumbura daga wata na biyu, ya fi tsanani wajen wata na takwas, wani lokaci har wani jan tsiro mai saurin jini ya fito tsakanin haƙora, wanda yawanci yakan koma bayan haihuwa. Wankin haƙori ba ya cutar da ciki, kuma wata na huɗu zuwa na shida ne ya fi sauƙin zama a kujera. Masu shan maganin hawan jini irin su amlodifin da nifedifin, da masu shan fenitoyin don farfaɗiya, dasashinsu yana iya yin kauri ya hau kan haƙora. Kada su daina maganin da kansu. Tsabta da wanki suna rage shi, likitan da ya rubuta kuma yana iya canza musu wani.

Jinin da ke fitowa da kansa ba tare da an taɓa ba, a tashi a ga matashin kai ya ɓaci, musamman idan akwai kasala, zazzaɓi, haɓo ko tabon taruwar jini a fata, wannan ya wuce batun goge baki. Yana iya zama matsalar jini ko ƙarancin bitamin C mai tsanani, ana buƙatar gwajin jini cikin gaggawa.

Yaro ƙarami kuma ba a yi masa gwajin mako biyu. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, mai tamowa ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, idan dasashinsa ya fara gyambo, yana jini, bakinsa yana wari mai ƙarfi, yana dalalar da yawu ya ƙi abinci, to a kai shi asibiti a ranar. Wannan ne farkon cutar noma, wadda cikin kwanaki take iya huda kunci ta cinye fuska, kuma take kashe mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba. Ana samunta a arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar, akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. A matakin dasashi, maganin ƙwayoyin cuta daga hannun ma'aikacin lafiya, wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Idan kunci ya fara kumbura ko ya yi baƙi, kada a kwana a gida.